Iyaye da 'ya'ya a Zangon Kumasi: tambayoyin da aka fi kawo min, da abinda nake cewa

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, 'ya'yana hudu da jika daya, a Aboabo aka haifeni kuma anan nake har yau, ina koyar da yara karatun Kur'ani da yamma, ranar Lahadi kuma muna zama da mata bayan la'asar. To a wajen wannan zaman, da kuma kofar dakina, ake kawo min maganganun gida, wani lokaci uwa ce tazo tana kuka, wani lokaci yaron ne da kansa zai tsaya bayan an tashi yace Malama ina da magana. Da naga tambayoyin kusan iri daya ne suke ta dawowa sai nace bari in tarasu waje guda. Abinda ya shafi fatawa mai zurfi a kaiwa malamai, ni dai abinda na gani da idona nake fada.

Yarona baya magana dani, yana shigowa sai ya shige daki da waya. Me zanyi?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce zuwa, kuma kullum nakan mayar da tambaya, yaushe rabon da kiyi masa maganar da ba aike bace ba fada ba? Yawancinmu shiru mukeyi anan. Mun tashi a gidajen da uba yana shigowa kowa yake kama kansa, uwa kuma bata ko kiran sunan dan fari saboda kunya, kakanninmu da sukazo fataucin goro daga Kano da Katsina ta hanyar Salaga da wannan tarbiyya sukazo kuma tayi musu aiki, domin a lokacin akwai kaka da goggo da kawu a gida daya, abinda yaro ya kasa fadawa uwarsa zai fadawa kakarsa suna wasa. Yanzu fa? daki daya da falo a gidan haya, kaka tana Tamale ko ta rasu, uwa ta fita kasuwar Kejetia tun asuba sai magariba, to wa zai fadawa? Wayar nan ita ta zama kakar.

Babban dana na kusan rasashi ta haka. Yana aji biyu a sakandare ya daina cin abinci damu, in nayi magana sai "to Mma" kawai. Wata rana da dare ina shirin kose na safe nace zo ka tayani wanke wake, ya zauna akan kujera 'yar tsugunne muna murza wake a ruwa, ban kalli fuskarsa ba shima bai kalli tawa ba, hannunmu ne kawai a cikin roba. Anan ne, wajen karfe sha daya, yace min wai ya fadi lissafi sau biyu kuma yana tsoron Babansa yaji shi yasa yake boye takardar a karkashin katifa. Wata hudu yaron nan yana dauke da wannan abu shi kadai. Wallahi har yau in na tuna kirjina yana min nauyi.

Don haka kar ki zaunar dashi gaba da gaba kamar alkali, yara maza musamman basa iya magana ido cikin ido da iyaye. Ki nemo aikin da hannu zai shagala, ko ki ce ya rakaki wani waje a kafa. Kuma in ya fara fada kar ki katse shi da "ai dama na fada maka", wannan kalmar ita take rufe kofa.

Duka yana gyara yaro ko baya gyarawa?

Mu an dake mu, ba wanda zai musa. Kuma akwai masu cewa ai gashi mun zama mutane. Amma ni na koyar da yara shekaru masu yawa kuma abinda na lura shine yaron da ake duka kullum abu daya yake kwarewa akai, boyewa. Zai daina laifin a gabanki, ya koma yinsa a bayan masallaci. Hukumar ilimi ta Ghana ma tun 2017 ta hana bulala a makarantun boko, duk da nasan ba ko ina ake bi ba.

Mutane suna son kawo hadisin sallah, a umarci yaro yana shekara bakwai a dake shi yana goma. To a duba tsakanin bakwai da goma, shekara uku kenan ana koyarwa ana lallashi ana tunatarwa sau biyar a rana kafin a kai ga maganar duka, mu kuma munfi rike karshen hadisin mu bar farkonsa. Kuma Nana Aisha ta bada labari cewa Manzon Allah (SAW) bai taba dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Da wani mutum yaga yana sumbatar jikansa Hasan yace shi 'ya'yansa goma bai taba sumbatar ko daya ba, amsar da aka bashi itace wanda baya jin kai ba za'a ji kansa ba.

Abinda nake rokon iyaye, in ranki ya baci kar ki daga hannu a lokacin, sha ruwa, bari zuciya ta sauka. Wayar wuta, belt, zuba barkono ko citta a jikin yaro, wannan ba tarbiyya bace, cutarwa ce kuma doka zata iya kama mutum akai. Hana shi abinda yake so na kwana biyu yafi shiga jikinsa.

Makaranta (ta allo) ko sukul (na boko), wanne zan fi ba karfi?

Duka biyun, kuma yanzu ba kamar zamanin iyayenmu bane da ake tsoron in yaro ya shiga sukul na mishan za'a canza masa suna da addini. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a karkashin hukumar ilimi, makarantun Inglishi da Arabiyya sun cika Asawase da Aboabo da Tafo, sannan tun watan Satumba na 2017 sakandare kyauta ce. Kyauta din ba yana nufin ba za'a kashe ko sisi ba, akwai akwati da katifa da gari da shito da kudin mota, amma dai ba kamar da ba.

Abinda nake gani yana karya yara shine gajiya. Yaro ya tashi asuba ya debo ruwa, ya tafi sukul, ya dawo karfe uku ya wuce makaranta, Asabar da Lahadi ma makaranta tun safe, da dare kuma a dora masa tallan burodi. In lokacin BECE, jarrabawar gama karamar sakandare, ya matso kuje ku sami malaminsa ku roki a rage masa, ni a ajina duk mai jarrabawa ina sallamarsa da wuri kuma ban taba ganin wanda ya manta Fatiha saboda haka ba.

'Ya'yana basa jin Hausa sosai, sai Tonanci da Turanci. Laifina ne?

Kadan daga ciki. Muna Kumasi dole suji Tonanci, yaren Asante, kuma alheri ne garesu, da shi zasuyi kasuwa. Amma in yaro yayi miki Turanci kika mayar masa da Turanci don a ce danki dan gayu ne, ranar da kakarsa tazo zasu zauna kamar baki a tasha. Kiyi masa Hausa ko da shi da wani yare yake amsawa, kunne yana ajiya.

Dana ya koma zaman bes, ina tsoron ya fara shaye shaye. Ta ina zan gane, kuma in na gane fa?

Farko dai ba duk bes, wato majalisar da samari suke zama a unguwa, ne mugun wuri ba. Akwai inda ataya kawai ake sha ana musun Kotoko da Hearts ko Chelsea da Barcelona, akwai ma bes din da suke hada kudi in wani ya rasu ko su share kwata ranar Asabar. Ki san wanne yake zama, su waye manyan wajen, wannan aikin uba ne ko kawu, ya bi ta wajen da dare yayi sallama ya zauna minti biyar.

Alamun da nake cewa a lura dasu, barcin rana mai nauyi da rashin barcin dare, rama, yawan susa, ido ya canza, fushi akan abu kadan, kudi ko waya ko atamfa su fara bata a daki. Tramol din da likita yake rubutawa mai 50 ne ko 100, wanda yaran nan suke hadiya mai 225 ne ko 250, su jefa a lemon kara kuzari su shanye, wasu har farfadiya take kamasu a bakin titi. Yawanci kuma da aiki ake farawa, mai tuka pragya ko aboboya (babur mai kafa uku na fasinja da na kaya) ko dan dako yace yana so jikinsa ya daure, daga nan sai jiki ya saba. Ga kuma bet, cacar kwallo, wanda shi baya wari baya sa maye amma yana cinye yaro tas, duk kudin da ya shigo MoMo dinsa, asusun kudi na waya, kafin dare ya tafi.

In kika tabbatar, abu biyu nake rokonki kar kiyi. Kar ki kore shi daga gida, domin inda zai kwana shine wajen masu sayar masa, hannunka baya rubewa ka yanke ka yar. Kuma kar a kaishi inda za'a daure shi da mari ana duka da sunan magani. Addu'a muna yi ba dare ba rana, amma a hada da asibiti, akwai sashen masu kula da kwakwalwa a asibitin Komfo Anokye kuma zuwa wajen ba hauka bane. Wanda jikinsa ya saba da kwaya in ya daina lokaci daya yana shan wahala sosai shi yasa ake son likita ya bi dashi a hankali. Sannan a nemo masa abinda zai tashi dominsa da safe, ko koyon gyaran mota a Suame Magazine, ko dinki, ko walda, zaman banza ne yake mayar dasu.

Kuma iyaye mata, mu daina boyewa uban. Nasan dalili, tsoron kar ya kore shi ko yace tarbiyyarki ce, amma boyon nan sai abu ya girma har unguwa taji kafin mai gida yaji.

'Yata ta kawo wanda ba kabilarmu ba, Babanta yace sam. Ina zan tsaya?

Zango fa dama haduwa ce. Bahaushe, Dagomba, Mosi, Zabarma, Kotokoli, Wangara, Bafulatani, Bayarabe, Busanga, duk masallaci daya muke sahu daya, in an tono asalin yawancinmu za'a samu kaka daga nan kaka daga can. To sai maganar aure ta taso kuma a tuna da asali. Ni abinda nake tambaya, yana sallah? yana da sana'a? ya yake yiwa uwarsa magana? an bincika gidansu? In wadannan sun yi kyau to ki lallashi Baban a daki, ba a gaban yara ba, in ya kafe ki nemo wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa. Kar ki hada kai da 'yar a boye kuna shirya abu bayan idonsa, ranar da ya gane ke da ita duka zaku rasa shi.

Ita ma yarinyar a fada mata gaskiya, wani lokacin abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in iyaye sunce sun ji wani abu game da yaron ta tsaya ta saurara.

Zan iya aurar da 'yata tana shekara 16 tunda na ga ta fara rawar kai?

A'a. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta sa shekarar aure 18, kuma ta hana a tilastawa yaro aure ko baiko. A addini ma wata sahabiya, Khansa'u bint Khidam, mahaifinta ya aurar da ita bata so, ta kai kara wajen Annabi (SAW) ya warware auren. Nasan tsoron da yake ranki, kar ta dauko abin kunya. Amma na ga yaran da aka cire daga aji aka aurar don wannan tsoron, shekara uku sun dawo gida da goyo biyu ba takarda ba sana'a. Rawar kai tana bukatar uwa ta jawo 'ya jikinta, kiyi mata maganar jinin al'ada da maza da ciki da bakinki, a fili, kafin wata kawa tayi mata a bayan famfo. Ki san wa yake saya mata kati da indomi da dare, domin daga nan ake farawa.

Mun rabu da uban yarana, baya kawo ko kudin koko. Akwai abinda zan iya yi?

Akwai. Ciyar da yaro da karatunsa da lafiyarsa wajibi ne akan uba a addini, kuma dokar kasa ma ta dorawa iyaye wannan nauyin ko suna tare ko basa tare. A fara ta gida, waliyyai da liman ko fadar sarkin Zango. In yaki, akwai ofishin Social Welfare, akwai DOVVSU, sashen rikicin cikin gida a wajen 'yan sanda, akwai kotun iyali da zata iya yanka masa abinda zai rika bayarwa duk wata, in babu kudin lauya akwai Legal Aid. Mata da yawa suna jin kunya wai kar ace ta kai uban 'ya'yanta kara, to hakkin yaran ne kike nema ba naki ba.

Amma ga inda nake rike hannun mata 'yan uwana. Kar ki mayar da yaro dan aike tsakaninku, "je ka fadawa ubanka mara amfani". Yaron rabinsa uban ne, duk zagin da kika yi a jikinsa yake sauka. Akwai wata karamar yarinya a ajina, shekararta bakwai, duk ranar Juma'a in za'a tashi sai ta rike allonta taki fita, ashe ranar ake aikenta karbo kudi wajen uban, in ya hana a dake ta a can da harara a dawo a dake ta anan da fada. Da na kira uwar na fada mata kuka tayi, bata taba lura ba.

Yayata bata haihu ba tana so in bata 'yata riko. In bayar?

Riko al'adarmu ce mai kyau kuma da yawanmu a hannun goggo ko inna muka tashi. Sharadi na dai, ku yi magana a fili tun farko, zata je sukul ko talla zata yi, wa zai biya, yaushe zata rika zuwa gida. Kuma ki rika zuwa ba tare da sanarwa ba, ki kebe da yarinyar ki duba idonta da tafin hannunta. In yarinya tace bata so ta koma, kar ki ce shagwaba ce kafin ki bincika.

Ina da mata biyu, yaran dakin daya suna cewa ina nuna bambanci.

Alhaji in yara sun fada to ka duba, su basa rasa lissafin irin wannan. Mahaifin Nu'umanu bin Bashir yayi masa kyauta shi kadai yazo neman Annabi (SAW) ya shaida, aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya ba haka, yace a'a, Annabi yaki shaida yace a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Zuciya ba'a iya mata dole, amma kayan sallah da kudin sukul da wanda kake dauka a bayan babur zuwa idi, wannan a hannunka yake. Rigimar gado da muke gani a gidajen Zango, har a kulle daki shekara goma ana shari'a, yawanci tun daga yadin sallah aka shuka ta.

Mahaifiyata komai kankantar abu sai tace zata daga min nono ko bata yafe ba. Ina jin tsoro, ya zanyi?

Wannan daga wajen 'ya'ya take zuwa, kuma da yawa. Dana, 'yata, hakkin uwa babba ne, sau uku aka ambaceta kafin uba, kuma a suratul Isra'i an hana ko "uf" a fada musu. Don haka ko tana kan kuskure muryarka kar ta hau tata. Amma biyayya tana da iyaka, a suratu Lukman an ce in sun matsa maka akan shirka kar ka bi su, kuma duk da haka ka zauna dasu da kyautatawa a duniya. Kenan ana iya cewa a'a cikin ladabi. In tace saki matarka ba da wani dalili ba, ko ka yanke zumunci da dan uwanka, kar ka amsa a take, ka durkusa kace Mma kiyi hakuri ki bani lokaci, sannan ka nemo kanwarta ko malamin da take ji.

Ku kuma iyaye mata, don girman Allah mu rike bakinmu. Bakin uwa ba abin wasa bane, kina cewa "ba zaka ga da kyau ba" akan ya fasa kofi, in ta kama shi ke zaki fi kowa kuka. Na horar da harshena akan "Allah ya shirye ka" ko ina cikin fushi, da farko da kyar take fita, yanzu ita take riga zuwa.

Dana ya dage sai ya tafi Libiya ya tsallaka Turai, 'yata kuma wani ejen yace zai kaita aikin gida kasar Larabawa.

Tafiya a jininmu take, ba za'a hana dan Zango neman arziki ba. Amma hanyar Agadas zuwa Sabha hamada ce, mota in ta lalace shikenan, wanda ya tsira kuma ga gidajen da ake tsare mutane ana kiran iyaye a waya suna jin ihun dansu don a turo kudi, duniya duka taga bidiyon da aka fitar a 2017 ana cinikin mutane a Libiya, bayan nan ga teku. Kusan kowace unguwa anan akwai gidan da har yau basu san ko suyi zaman makoki ko su cigaba da jira ba. Na mata kuma, fasfo ake karbewa tun a filin jirgi, wata sai ta shekara bata ji muryar uwarta ba.

Abinda yake min ciwo shine wani lokacin mu ne muke turasu ba da saninmu ba. "Kalli dan wance ya ginawa uwarsa gida, ya kaita Makka", kullum a kunnen yaro, to me kike so yayi? In da kudin da za'a ba ejen, a zauna a lissafa ko zai isa jari ko kayan aiki anan. In kuma tafiyar ce dole, a bi hanyar da take da takarda, a ga kwantiragi a rubuce, a san sunan gari da lambar wanda za'a kira.

Ina Jamus, duk wata ina turawa iyayena kudi. Ban sauke nauyi ba?

Allah ya saka da alheri, ka sauke babban kaso, kar kowa ya raina maka. Amma tsoho ba cikinsa kadai yake jin yunwa ba. Akwai wata Hajiya makwabciyarmu, 'ya'yanta uku suna waje, firij dinta cike, amma kullum bayan isha'i zata aiko jikar makwabta ta kirani wai in duba mata wayar ko ta lalace tunda bata yi kara ba. Wayar lafiyarta kalau. Ka sa rana daya a sati wadda ta san zaka kira, kuma in ka kira kar ya zama "kudin ya shigo?" kawai, tambayeta kafarta, wa ya haihu wa ya rasu, bari ta baka labarin da ka riga ka sani. Ka tabbatar katin NHIS dinsu na inshorar lafiya yana aiki, ana sabunta shi ta waya da *929#, kuma ka san waye yake rakasu awon hawan jini da suga. Dan uwan da yake gida yana wanke musu kaya yana kwana dasu asibiti, shima ka rika tunawa dashi, domin abinda yake bayarwa ba'a tura shi ta MoMo.

Mahaifina bai rike ni ba, ko pensir bai taba saya min ba. Yanzu ya tsufa ba lafiya ance in zo. Dole ne?

Wannan tambayar bana amsata da sauri, domin duk wanda ya kawota da rauni yake zuwa. Ba zan ce maka abinda yayi ba komai bane, zalunci ne, kuma Allah zai tambaye shi amanar da ya bari. Ba kuma zan ce dole zuciyarka ta so shi yau ba. Amma hakkin haihuwa baya faduwa saboda shi ya kasa nasa, Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar ma da mahaifiyarta tazo mata tana mushrika, cewa akayi ta sada zumunci da ita.

Wani dalibina na da, yanzu magidanci ne yana sayar da kayan gyaran mota, yazo min da wannan maganar bara, yana zaune a bakin kofata yana juya makullin babur a hannu, yace Malama in na ganshi bansan me zai fito daga bakina ba. Nace to kar ka ce komai, ka sayi koko da kose da safe ka kai, ka gaishe shi ka ajiye ka fito, in ka iya sati mai zuwa ka kara. Nace kuma ka fara fadawa mahaifiyarka kafin kaje, ita da ta sha wahalarka kar taji a bakin mutane. Uwar ce ma ta zuba masa kokon a flas da hannunta. Yayi sati biyar yana kaiwa basu wuce gaisuwa ba, a na shida tsohon ya rike masa hannu yace zauna, shi kuma ya zauna a bakin tabarma, yace min sunfi rabin awa a haka kokon yana hucewa ba wanda ya sha.